Wasan Ƙarshe: Abin Da Ke Zuciyar Ɗan Ƙwallo Ranar Da Kasuwarsa Ta Watse

Duk wanda ya zauna teburin mai shayi a unguwannin Hausawa na New Bell a watan Disambar 2025 ya san cewa labarai biyu ne suka mamaye hirar ƙwallo. Na farko, da aka fitar da sunayen 'yan wasan da za su wakilci Kamaru a gasar cin kofin Afirka a Maroko, an nemi sunan Vincent Aboubakar sama da ƙasa an rasa. Idan ba a manta ba, wannan ɗan Garwa shi ne ya jefa wa Masar ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a Libreville a 2017, shi ne ya fi kowa cin ƙwallo da guda 8 a gasar da aka yi a gida a farkon 2022, kuma shi ne ya ci Brazil a Ƙatar a watan Disambar wannan shekara. Labari na biyu daga tsallaken iyaka ya zo, inda Ahmed Musa ya fito da kansa ya sanar da cewa ya daina buga wa Nijeriya wasa bayan ya saka rigar ƙasar sau 111.

Ɗaya ya zaɓi ranar sallamarsa, ɗayan kuma a jerin sunaye ya ga an tsallake shi. Mu 'yan kallo muka yi ta musu a kan wa ya kyauta, wa bai kyauta ba, amma ƙalilan ne daga cikinmu suka tsaya suka tambayi kansu: shin me ɗan wasa ke ji a ransa ranar da ya shiga fili karo na ƙarshe? Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da wannan tambaya. To, akwai ruwansa, domin 'ya'yanmu ne ke fita da asuba da takalmin ƙwallo a leda, kuma daga cikin jarinmu ake cire kuɗin da ake biya musu makarantun koyon wasa da kuɗin fasfo. Abin da ya samu manya a ƙarshen tafiyarsu, shi ne ke jiran waɗannan yara.

A fahimtarmu, wasan ƙarshe iri uku ne: akwai wanda mutum ya san shi ne na ƙarshe, akwai wanda sai daga baya ake gane cewa ashe shi ke nan, akwai kuma wanda ajali ne ke yanke shi.

Wanda ya san ranarsa

Ranar 24 ga Yuni, 2010, a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, Kamaru ta kara da Holan a gasar cin kofin duniya. Tun kafin a busa usur an riga an fitar da Kamaru daga gasar, domin Japan da Denmark sun ci ta. Ana cikin rabi na biyu sai koci Paul Le Guen ya ɗaga Rigobert Song daga benci ya saka shi. Kowa ya gane cewa ba don neman nasara aka yi hakan ba, sallama ce. Mutumin da ya fara zuwa gasar duniya yana ɗan shekara 17 a 1994, ya jagoranci ƙasar ta ɗauki kofin Afirka a 2002, aka karɓe masa kambun kyaftin a 2009 aka ba Samuel Eto'o, ga shi an ba shi abin da bai kai minti 20 ba don ya yi ban kwana. An ci Kamaru 2 da 1, kuma wannan ne wasansa na 137, na ƙarshe.

Mai karatu ya auna da kansa. A gefe guda akwai alfahari, domin ba kowa Allah ke ba wa ikon zuwa gasar duniya har sau huɗu ba. A ɗaya gefen akwai ɗacin cewa ɗakin da kake da iko da shi jiya, yau sai an yi maka izini kafin ka leƙa. Tsofaffin 'yan wasan unguwa da muka sha zama da su a gidan rediyo, waɗanda ba su taɓa wuce gasar lardi ba, su ma kusan bakinsu ɗaya ne a kan haka. Sukan ce a irin wannan rana ƙananan abubuwa ne ke kama zuciya: ɗaure igiyar takalmi, warin man shafawa a ɗakin canza kaya, barkwancin abokan wasa a cikin mota. Sukan ce yayin da ake wasan ba a jin komai, domin ƙwallo ba ta ba mutum lokacin tunani. Sai an tashi, an zauna a cire safa, sannan abin ke sauka a ƙirji.

Akwai kuma wanda Allah ke yi wa kyakkyawar rufewa ko da a cikin kashi ne. Ranar 28 ga Yuni, 1994, a Amurka, Rasha ta lallasa Kamaru da ci 6 da 1, inda Oleg Salenko shi kaɗai ya ci biyar. Amma ƙwallo ɗayar da Kamaru ta samu, Roger Milla ne ya ci ta yana da shekara 42, jim kaɗan bayan an sako shi a farkon rabi na biyu. A yau mutane da dama sun manta da shidan, ɗayar suke tunawa. Duk da haka Milla bai iya tsayawa a nan ba, sai da ya tafi har Indonesiya ya ci gaba da taka leda zuwa 1996. Wannan ya nuna mana cewa ko wanda ya samu sallama mai kyau, rabuwa da fili ba ta zo masa da sauƙi.

Wani kuma fushi ne ke raka shi ƙofa. A wannan gasa ta 1994 ce mai tsaron gida Joseph-Antoine Bell, wanda ya ɗauki kofin zakarun Afirka da Union ta Duwala a 1979, ya ajiye wasa ana tsakiyar gasa bayan Brazil ta ci su 3 da nema, a daidai lokacin da rikicin kuɗin alawus ya dabaibaye tawagar. Haka nan duniya ba za ta manta da daren 9 ga Yuli, 2006 a Berlin ba, lokacin da Zinedine Zidane, wanda tun kafin gasar ya sanar da cewa daga ita ya gama, ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe, sannan ya tunkuyi Marco Materazzi a ƙirji aka ba shi jan kati, ya wuce ta gefen kofin kansa a sunkuye. Wanda ya san yau ce ta ƙarshe yana shiga fili da kaya biyu a kansa, na wasan da na tarihinsa, kuma ba kowace zuciya ke iya ɗaukar su a tare ba.

Wanda bai san ranarsa ba

A nan New Bell ba mu buƙatar zuwa nesa neman misali. Samuel Eto'o a lungunan nan ya tashi, a nan ya fara buga ƙwallo kafin ya shiga makarantar Kadji, daga can ya wuce Real Madrid yana yaro. Sau huɗu yana zama gwarzon ɗan wasan Afirka, a 2003 da 2004 da 2005 da 2010. Ya ɗauki kofin zakarun Turai da Barcelona a 2006 da 2009, da Inter Milan a 2010. Ya ci wa Kamaru ƙwallo 56 a wasa 118, kuma 18 daga ciki a gasar kofin Afirka ya ci su. Idan akwai wanda ya cancanci a cika filin wasa na Bepanda a yi masa tafi ranar sallama, to shi ne.

Amma yaya wasansa na ƙarshe da rigar Kamaru ya kasance? Ranar 13 ga Yuni, 2014 ce, a garin Natal na Brazil, ana tsuga ruwan sama kamar na watan Agusta a Duwala. Tawagar ta isa Brazil a makare saboda taƙaddamar alawus. A rabin farko Eto'o ya samu dama, ƙwallon ta goge turke ta fita. Oribe Peralta ya ci wa Meziko ɗaya, aka tashi a haka. Daga nan gwiwarsa ta hana shi wasa, yana benci Kuroshiya ta ci 4 da nema, yana kallo aka ba Alex Song jan kati, yana kallo 'yan wasan Kamaru biyu suka kaure da faɗa a junansu a gaban duniya, sannan Brazil ta rufe da 4 da 1. A watan Agusta koci Volker Finke ya fitar da sunaye babu shi, aka ba Stéphane Mbia kambun kyaftin, kwanaki kaɗan bayan haka Eto'o ya sanar da cewa ya bar tawagar ƙasa.

Babu wanda ya san, a waccan ranar ruwa a Natal, cewa ana kallon ƙarshen wani zamani ne. Haka ma ƙarshensa a ƙungiya ya zo: bayan Ingila da Italiya da Turkiyya, ya yi kakar wasa ɗaya a Ƙatar, sannan a watan Satumbar 2019 ya rubuta 'yan kalmomi a shafinsa na Instagram cewa tafiya ta ƙare. Abin lura kuma shi ne, wanda ya shiga gurbinsa a wasan Kuroshiya a 2014 shi ne matashi Vincent Aboubakar, wanda shekara 11 bayan haka shi ma aka fitar da jeri babu sunansa. Gaskiyar Hausawa da suka ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Wannan irin ƙarshe ya fi kowanne yawa, kuma ɗan kasuwar kan iyaka ya fi kowa sanin zafinsa. Waɗanda suka yi harka a Banki da Amchide kafin 2014 za su iya shaida. Ranar da mutum ya ja ƙofar rumfarsa ya sa kwaɗo, yana lissafin abin da zai sayar kasuwa mai zuwa, bai san cewa rikicin Boko Haram zai watsa garin ba. Da ya sani, da ya karɓi bashinsa, da ya yi sallama da maƙwabcin rumfa. Abin da ke cin ran irin wannan mutum ba asarar kaya kaɗai ba ce, har da rashin samun damar cewa sai wata rana. To, haka ɗan wasan da rauni ko shawarar koci ta yanke wa tafiya yake ji. Yakan daɗe yana ganin kamar za a sake kiransa, kuma wannan jira ne ke hana wasu kama wata sana'a a kan lokaci.

Wanda ajali ya yanke wa

Nau'i na uku shi ne wanda ba ya barin mai shi ya ba da labari. Ranar 26 ga Yuni, 2003, a birnin Lyon na Faransa, Kamaru na wasa da Kolombiya, a minti na 72 Marc-Vivien Foé ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Shekararsa 28. Binciken likitoci ya nuna yana ɗauke da wata cutar kaurin naman zuciya. A nan Duwala mutane sun fara murnar nasara a kan titi kafin labarin rasuwar ya iso, nan take gari ya yi tsit. 'Yan Nijeriya sun riga mu ɗanɗanar irin wannan, ranar 12 ga Agusta, 1989, da Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas ana karawa da Angola.

Sai kuma ɗan garin nan, Albert Ebossé, wanda ya taɓa buga wa Coton Sport ta Garwa, ya je Aljeriya ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo da guda 17 a kakar 2013 zuwa 2014. Ranar 23 ga Agusta, 2014, ya ci wa ƙungiyarsa JS Kabylie ƙwallo a garin Tizi Ouzou, aka ci su 2 da 1, bayan an tashi ya samu rauni a ka wanda ya zama ajalinsa yana da shekara 24. Hukumomin can sun ce jifa ce daga 'yan kallo, amma binciken gawa da iyalinsa suka sa aka yi a Kamaru ya nuna alamun duka. Shi ma Patrick Ekeng haka ya faɗi a fili a Bucharest ta Romaniya a watan Mayun 2016.

Mun yi imani kowane rai da lokacinsa, amma addini bai hana ɗaukar mataki ba. A watan Yunin 2021 Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a fili zuciyarsa ta tsaya, likitoci suka ruga da na'urar farfaɗo da bugun zuciya, cikin ikon Allah ya tashi har ya dawo wasa. Abin tambaya shi ne, a gasannin hutun makaranta da muke shiryawa a unguwanninmu, inda 'yan kasuwa ke sa kofi da kuɗi, sau nawa muke tanadar ko da ma'aikacin jinya guda a bakin fili?

Washegari ita ce matsalar

Idan aka bi diddigin tsoron da ke cikin wasan ƙarshe, za a ga ba wasan ake tsoro ba, safiyar da ke bayansa ce. Ɗan kasuwa idan ya tsufa yakan miƙa wa ɗansa mabuɗin shago, amma tabarmarsa na nan a ƙofar shagon, abokan ciniki na zuwa gaishe shi, ana neman shawararsa a kan farashi da bashi. Shekaru ƙara masa daraja suke yi. Shi kuwa ɗan ƙwallo, jarinsa gwiwa ce da huhu, kuma wannan jari kullum raguwa yake yi. Yana da shekara 33 ko 35, lokacin da sa'anninsa a kasuwa suka fara kama ƙasa, shi a lokacin ake kiransa tsoho. A rana ɗaya yake rasa albashi, da abokan da yake gani kullum, da tsarin da ke gaya masa lokacin tashi da na ci da na barci tun yana yaro, da kuma kirarin 'yan kallo. Mutumin da bai taɓa sanin kansa da wani suna ba sai mai lamba 9, dole ya ruɗe ranar da aka ba wani rigar.

Ba za mu ɓoye ba, akwai sauƙi ma a ciki. Wanda ya shekara goma yana shan allurar kashe zafi kafin ya shiga fili, wanda ake zagin iyayensa duk ranar da ya zubar da fenariti, yakan ji kamar an sauke masa dutse. Sai dai wannan sauƙi ba ya daɗewa idan aljihu babu komai.

Misalai suna nan a gabanmu. A 2018 ne labarin Norbert Owona, tsohon kyaftin ɗin Kamaru kuma tsohon ɗan wasan Union, ya fito fili cewa yana kwana a titin Duwala ga rashin lafiya, har Eto'o ya je asibiti ya duba shi ya tallafa masa. Ya rasu a 2021. Jaruman da suka kai Kamaru zagayen 'yan takwas a Italiya a 1990 an yi musu alkawarin gidaje, amma sai a 2020 aka ba da umarnin cika shi, bayan shekara 30, lokacin Louis-Paul Mfédé da Benjamin Massing da kyaftin Stephen Tataw duk sun riga mu gidan gaskiya. A Nijeriya, Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa ƙasar ƙwallonta ta farko a gasar duniya a 1994, ya ƙare rayuwarsa a kaɗaice a Ibadan, ya rasu a 2012. Idan waɗanda duniya ta san sunansu sun shiga wannan hali, ina ga yaron da ya ƙare wasansa a rukuni na biyu yana bin ƙungiya bashin albashin watanni?

Gaskiya ne wasu sun tsallake. Eto'o ya zama shugaban hukumar ƙwallon Kamaru a Disambar 2021, Song ya horar da tawagar ƙasa ya kai ta Ƙatar a 2022 bayan ya tsallake mummunar jinyar da ta kwantar da shi a 2016, Ahmed Musa kuma tun yana wasa ya zuba kuɗinsa a harkoki a Kano da Kaduna, ya kuma dawo Kano Pillars. Amma kujerun shugabanci da na koci ba su da yawa, masu barin fili kuwa kowace shekara ɗaruruwa ne.

Abin da ya rage gare mu

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Shawararmu ta farko ga iyaye ce. Ba mu ce a hana yaro ƙwallo ba, domin baiwa ce, kuma mun ga gidajen da ta rufa wa asiri. Amma kada a bar shi ya saki allo da boko da shago gaba ɗaya saboda ita. Yaron da ke atisaye da safe zai iya zama a rumfa da yamma ya koyi awo da lissafi da riƙon amana. Ranar da gwiwa ta ce ta gaji, zai tarar da wurin zama yana jiransa. Haka nan a yi hattara da dillalan da ke yawo a unguwanni suna karɓar miliyoyin sefa da sunan kai yaro gwaji Turai. Kafin a taɓa jari a nemi takardar gayyata daga ƙungiyar, a kai wa wanda ya san harkar ya tantance.

Ta biyu ga attajiranmu masu ɗaukar nauyin gasar unguwa. Kuɗin da ake kashewa a kan riguna da makaɗa, a cire wani abu a ciki a sa a auna zuciya da hawan jinin yaran kafin a fara, a kuma ajiye mai ba da agajin gaggawa da mota a bakin fili.

Ta uku ga ƙungiyoyi da hukumomi. Sallama ba ta da tsada. Idan za a ajiye ɗan wasan da ya yi shekara 10 ko 15 yana hidima, a kira shi a gaya masa ido da ido kafin ya ji a rediyo, a ba shi wasa guda ya ɗaga wa jama'a hannu. Ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa ta SYNAFOC ta daɗe tana kuka a kan albashin da ake riƙe wa 'yan wasan cikin gida, kuma wanda ba a biya shi yana wasa ba, babu abin da zai tara don ranar da ya daina.

Ta ƙarshe gare mu ne 'yan kallo. Mu ne ke ɗaga mutum sama ranar da ya ci, mu ne kuma ke fara ihun a cire tsoho ranar da ƙafarsa ta yi nauyi. Idan ka bi ta filayen unguwa da safiyar Lahadi, za ka ga dattawa masu furfura da tumbi suna buga wasan tsofaffi, wasu da ɗaurin gwiwa, suna musu da alƙalin wasa kamar kofin duniya ake nema. A cikinsu akwai waɗanda suka taɓa cika filin Akwa da na Bepanda da jama'a. Idan ka gane ɗaya daga cikinsu, ka tsaya ka gaishe shi da sunan da ake yi masa kirari a da, in kuma kana da gurbin aiki a shago ko sito, ka tuna da shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba masu jinya lafiya, Ya sa mu yi kyakkyawan ƙarshe, amin.